Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Horar Da Malaman Firamare A Jihar Kaduna: Ku Fara Da Kunne

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabannin ilimin firamare, da malaman kwalejojin horar da malamai, da masu zagayen duba makarantu a Jihar Kaduna. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malama ce a wata firamare ta gwamnati a nan cikin garin Kaduna. Bana shekarata 19 da alli a hannu, kuma galibinsu a aji ɗaya da aji biyu na yi su, azuzuwan da malamai da yawa ke roƙon kada a ba su. Na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne saboda abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba a ajina kaɗai yake ba, kuma iyaye ma suna da haƙƙin su ji.

Wata rana abokiyar aikina ta tafi hutun haihuwa, aka haɗa mini 'yan ajinta da nawa. Don in gane inda suka kai, na rubuta “gida” a allo, na nuna wata yarinya da ke zaune a gaba, mai ɗan hijabi ruwan toka da ya sha wanki. Ta miƙe, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta ɗaga murya: “Ji, ai, di, e!” Na ce madalla, to me aka rubuta? Ta dubi allo, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Yarinyar nan ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Sunayen haruffan nan huɗu ta faɗa, daidai yadda aka biya mata su cikin waƙa tun tana rabin aji. Amma ku haɗa su da bakinku ku ji: ji, ai, di, e. Ko kwana za a yi ana maimaitawa, “gida” ba zai fito ba.

Sai na tambaye ta, “Kina zuwa makarantar allo?” Ta ce e. Na ce, “Ba, da wasali bisa?” Ta ce, “Ba.” “Da wasali ƙasa fa?” “Bi.” “Da rufu'a?” “Bu.” Ko numfashi ba ta ja ba. Ashe ta iya haɗa baƙi da wasali, ta kuma iya da kyau. Malamin da ke zaune a kan buzu a zaure ya bi da ita ta babbaƙu, ya wuce da ita farfaru, ya ɗaure mata kowane harafi da sautinsa. Mu kuma a boko muka miƙa mata sunayen haruffan wani harshe, muka ce ta karanta nata da su.

Nan kukana ya samo asali. Harafi ba komai ba ne illa alamar da aka yi wa sauti a takarda. Wanda bai ji sautin ba, ko aka raba masa alamar da sautinta, zane kawai yake kallo. Mun cika makarantu da malaman da suka san alamar, ba a taɓa buɗe musu kunne su saurari abin da alamar ke wakilta ba. Ni ma haka na fito, kuma na ɗauki shekaru kafin in gane.

Yaro ba ya zuwa aji ɗaya da kai fayau. Yana zuwa ne ɗauke da tsarin sautin harshensa gaba ɗaya, kuma tun a goye ya fara tara shi. A 1984 wata mai bincike a Kanada, Janet Werker, da abokin aikinta Richard Tees, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa jariran gidajen da Turanci ake yi. Sun jiyar da su wasu sautuka masu kama da juna ƙwarai, daga harshen Hindi da kuma wani harshe na 'yan asalin ƙasar Kanada, irin waɗanda manyan Turawa ke shan wuya kafin su rarrabe. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suka rarrabe su. Waɗanda suka kai wata 10 zuwa 12 kuwa, yawancinsu sun daina. Kafin yaro ya cika shekara, kunnensa ya riga ya zaɓi sautukan gidansu, ya fara kau da kai daga saura. Abin da ya ƙara ja hankalina shi ne sautukan harshen nan na Kanada dangin ƙ ɗinmu ne, waɗanda ake tunkuɗo su daga maƙogwaro.

Kowace uwa ta ga wani ɓangare na wannan a cinyarta. Jariri ya fara “ba-ba-ba”, ya koma “da-da-da”, shi ya sa kalmomin da ya fi kusa da su gaɓa ɗaya ce aka ninka: mama, baba, kaka, yaya, nono. Can ya ce “luwa” ko “yuwa” yana nufin ruwa, ya ce “sinkafa”, mu ce tsamin baki ne, galibi kuma ya wuce da kansa. Zuwa shekara 6, yaron da bai taɓa jin kalmar ganɗantawa ba ya san jam'in mota motoci ne, ba “mototi” ba. Ya san kaza, kaji, ƙasa, ƙasashe, ɓarawo, ɓarayi. Ya san ana cewa sata, amma ya saci kuɗi. Doka ce: t da z da s da w, in ƙarshen kalma ya sauya suka ci karo da wasalin i ko e, galibi sai su koma c da j da sh da y. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Wannan dukiya ce malami zai gina karatu a kanta, in ya san tana nan.

To ina malamin zai sani? A kwaleji, wanda ya ɗauki Hausa ne kaɗai ke haɗuwa da tsarin sauti, shi ma don jarrabawa. Ya haddace tsayau da zuzau da haɗiyau da tunkuɗau, ya zana hoton baki ya nuna hanƙa da ganɗa da hanɗa, ya fito ya manta. Ba a taɓa cewa ya sa hannu a maƙoshinsa ya ji yadda yake motsi ba. Kuma ko shi ɗin, ba kasafai ake kai shi aji ɗaya ba. Aji ɗaya na sabon malami ne, ko wanda aka rasa inda za a sa.

Ku dubi haruffa masu ƙugiya. Magabata sun sha fama kafin su daidaita su. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa na boko a 1912, amma sai a shekarun 1930, lokacin da Dokta Rupert East ke jagorantar aikin fassara da talifi a Zariya, ɓ da ɗ da ƙ suka zauna da gindinsu. A Zariya ɗin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939. Wato wannan gado na jihar nan ne kafin na kowa. Yau kuwa sai a kai takardar jarrabawa shagon kwamfuta, ta dawo an aske mata ƙugiya kaf. Yaro ya ga “Kaya ta soke shi a kafa”, ya ga “An zuba koko a koko”, ya ga “Baki sun zo”. Babba zai duba gaba da baya ya cinka cewa ƙaya ce ta soki ƙafa, ƙoƙo ne aka zuba wa koko, baƙi ne suka zo. Ɗan shekara 7 bai kai nan ba. Abin da zai koya shi ne harafi ba abin yarda ba ne, daga ranar kuma ya daina karatu ya koma canke. Har allunan kan titi sun bi sahu: Maƙera ta zama Makera, Maƙarfi ta zama Makarfi. Alhali wayar da ke aljihun kowannenmu tana da haruffan nan, sai dai in ba a saita ta ba.

Akwai kuma abin da rubutunmu bai nuna ba tun asali, wato tsawon wasali da karin sauti. Wasulan Hausa 5 ne a takarda, amma 10 ne a baki, don kowanne yana da dogo da gajere, ga kuma tagwaye, ai da au. Ajami yana nuna dogon wasali, boko ya bar shi. Murya kuma tana hawa, tana sauka, tana faɗuwa, ma'ana tana bin ta. Na sayo gari a gari. Yaro yana kuka a gindin kuka. Ciwon wuya yana da wuya. Kalmar “bara” ita kaɗai ta ɗauki uku: shekarar da ta wuce, da yaron gida, da roƙon almajiri, kuma tsakanin biyun ƙarshe ra ce kawai ta bambanta, ɗaya ra-kaɗe, ɗaya ra-gare, duk da harafi guda muke rubuta su. Hatta “ya zo”, a rubuce ɗaya ne, a baki kuwa yana iya zama labarin wanda ya riga ya iso, ko umurnin a kira shi, ko alkawarin zai zo wata rana. Wannan hawa da saukar ne mai kalangu ke bi har ka ji ganga ta kira sunan mutum.

Ba ina cewa a sake rubutun Hausa ba ne. Cewa nake malami ya san akwai wannan giɓi, ya san kunnen yaro ne ke cike shi. Malamin da ya san haka ba zai bar rana ta wuce bai karanta wa yara labari da murya ba, yana hawa yana sauka inda ya dace, ba zai kuma ƙyale yaro yana karatu kamar mai ƙirga tsakuwa ba. Jumlolin can na gari da kuka da wuya, da na fara jefa wa yara su a matsayin wasa, har gida suke zuwa su tambayo kakanninsu wasu. Wani yaro ne ya kawo mini fari: farin zane, farin da ke kashe shuka, farin da ke cinye gona, da ɗan fari.

Wani abu da ke sosa mini rai shi ne yadda jan biro ke hukunta kunne mai kyau. Yaro ya rubuta “gidam Bala”, ko “rigam Musa”, ko “had da ni”, malama ta zabga masa kuros ta ce daƙiƙi ne. Ku faɗi kalmomin nan da sauri ku saurari kanku. Abin da yaron ya rubuta shi ne ainihin abin da ke fita daga bakinmu, don sauti yana nashe maƙwabcinsa, wanda masana ke kira naso. Ƙa'idar rubutu ce ta ce a rubuta “gidan Bala”, kuma lalle sai ya koye ta. Amma da bambanci tsakanin a ce masa “ba ka da ƙwaƙwalwa” da a ce masa “kunnenka ya ji daidai, sai dai a rubutu ga yadda aka yi ittifaƙi”. Na farko ya kashe masa gwiwa, na biyu ya sa ya ƙara kasa kunne.

Yanzu in zo kan Kaduna kanta, don nan ne batun ya fi nauyi. Tun da aka mayar da hedikwatar Arewa nan a 1917, jirgin ƙasa da barikin soja da aikin gwamnati, daga baya kuma masaƙun Kakuri, suka tara mutane daga ko'ina. Ajin da nake koyarwa hoton wannan tarihi ne. A benci ɗaya za ka tarar da ɗan Sakkwatawa, da Bazazzagi, da 'yar Gbagyi, da ɗan Bajju ko Atyap, da Bafulatana, da ɗan Nufawa ko Yarbawa. Dukansu Hausa suke yi a filin wasa, amma ba bakinsu ɗaya ba.

Akwai wani yaro da iyayensa suka taso daga ƙasar Sakkwato suka sauka a Rigasa. Ranar da ya fara zuwa, ya karɓi littafinsa ya ce, “Malama, in tahi in zamna?” Aji ya kwashe da dariya. Mako guda bai sake buɗe baki ba. Da malamar da ke gabansa ta san tarihin harshenta, da ta juya dariyar nan ta zama darasi. “Zamna” ta girmi “zauna”, kamar yadda “sabro” ta girmi “sauro”, “amre” ta girmi “aure”. Wani Bajamushe masanin harsuna, August Klingenheben, ya bayyana wannan sauyi tun shekarun 1920: baƙin da ya zo a ƙarshen gaɓa yakan yi laushi ya koma u ko r. Shaidar tana bakin kowa. Muna cewa talaka amma talauci, fatake amma farke, bugaje amma buzu. Ita ma “'ya” daga “ɗiya” ta fito, kuma Basakkwace har gobe ɗiya yake cewa. Yaron da aka yi wa dariya tsohuwar ajiya ce a bakinsa. An gina daidaitacciyar Hausa a kan Kananci domin rubutu ya zama ɗaya, kuma wajibi ne kowane ɗalibi ya iya ta. Amma ƙari ce a kan abin da ya zo da shi, ba maganin wata cuta ba. Haka Bazazzagin da ya ce “motan Alhaji”: a nuna masa “motar Alhaji” ake rubutawa, ba sai an kunyata uwar da ta koya masa magana ba.

Waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ce sun fi shan wahala. Wata yarinya daga wajen Sabon Tasha, mai kaifin basira, a shifta kullum sai ta faɗi, don “ƙafa” da “kafa” abu ɗaya ne a kunnenta. Ba taurin kai ba ne, harshen gidansu ba shi da ƙ, kunnenta kuma ya yi zaɓinsa tun tana goye. Fillanci ma yana da ɓ da ɗ amma ba shi da ƙ, shi ya sa za ka ji Bafulatani ya ce “kato”. Na zaunar da ita a lokacin tara, na ɗora yatsunta a maƙoshina na ce “ka”, sannan na ce “ƙa”. Ta ji maƙoshin ya yi tsalle sama a na biyun. Na ce ta riƙe numfashi kamar mai shirin ɗaga tulu, ta gwada. Ta yi ta yi, sai “ka” ke fita. Rana ta huɗu tana tsakiyar share aji sai na ji “ƙa!” a bayana, ta yar da tsintsiya ta rugo tana nuna ƙafarta tana cewa, “Malama, ƙafa! Ƙafa!” Daga ranar da bakinta ya iya, kunnenta ya fara ji, hannunta kuma ya fara sa ƙugiya.

Mu ma Hausawa muna da namu gejin. Sautukan gb da kp da ke cikin harsunan Gbagyi da Nufawa da Yarbawa, Bahaushe nawa ne zai furta su? Da suka gagare mu ai gw muka sa a madadinsu, Gbari ya koma Gwari a bakinmu. Sannan muka ɗauki sunan mutanen da muka tarar a ƙasar nan muka ƙera “gwaranci”, muka kira wasan harshe “gagara-Gwari”. Na daina faɗin kalmomin nan a ajina tun ranar da na ga fuskar wata yarinya ta sauya. Karya-harshe nake cewa, kuma kowa yana yi: da kwaɗo da ƙato suka tafi neman ƙoto, turmi ture kura, kura ture turmi. In mun gama sai in ce 'yar Gbagyi ta kawo nata da harshensu, Hausawan su gwada su kasa, a yi dariya tare.

Na san abin da ke ran iyaye, don ni ma uwa ce: Turanci. Ina son 'ya'yana su iya shi, ina son ɗalibaina su iya shi fiye da ni. Amma shi ma ta kunne ake shigarsa. Haruffansa 26 ne, sautukansa kuwa sun kai 44, harafi ɗaya yana iya ɗaukar murya uku ko huɗu. Inda Bahaushe zai yi tuntuɓe a cikinsa sananne ne tun kafin ya buɗe baki, kalmomin da muka aro sun riga sun tona. Famfo, fensir, fasinja, fakiti, firamare, duk da p suka fara a gidansu. Fa ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, tana tsakanin p da f na Turanci, shi ya sa muke musanya su ba mu sani ba. Burodi, direba, birki, buroshi, fulawa: Hausa ba ta yarda baƙi biyu su yi karo a farkon gaɓa, sai ta cusa wasali a tsakani. Bokiti da siminti kuma an ƙara musu wasali a wutsiya don Hausa ta fi son kalma ta ƙare da wasali. Wannan ba jahilci ba ne, ƙa'ida ce ke aiki. Malamin da ya san ta zai yanko 'yar takarda ya riƙe a gaban leɓen yaro: in p ce takardar za ta yi tsalle, in f ce sai haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa. Aikin 'yan mintoci ne. Amma mutum ya gama jami'a ana yi masa dariya a kan abin da takarda guda za ta gyara a aji biyu.

Kuma wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka ari kalmomin Larabci, harafin lodi ya zame musu la, muka samu alƙali, alwala, farilla, larura, Ramalan. Da malaman tajwidi suka tashi gyara karatun Alƙur'ani, ba su ce yaro daƙiƙi ne ba. Zaunar da shi suke yi su nuna masa mafitar kowane harafi, ga inda gefen harshe zai taɓa, ga inda iska za ta bi, ilimin da Sibawaihi ya rubuta tun ƙarni na 8. Duk yamma ana yin wannan a Islamiyyun Tudun Wada da Kawo da Unguwar Sanusi. Da safe kuma yaran nan su zo wurinmu mu ce su haddace.

Na san maganar harshen koyarwa ba a hannunku kaɗai take ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, a 2022 aka tsawaita abin zuwa shekara 6 na firamare, kuma batun bai daina kai-komo a Abuja ba. Ra'ayina a fili yake: yaro ya fara karatu da harshen da kunnensa ya sani, a rubutun da harafi ke cika alkawari, sannan ya ɗauki wannan dabara ya shiga Turanci da ita. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare, ya nuna ba su koma baya a Turanci ba. Amma ko wace manufa ce ta tsaya, malamin da ba a buɗe wa kunne ba zai ɓata Hausa, ya ɓata Turanci. Wannan kam a hannunku yake.

Akwai abin da ban so in faɗa ba, amma in na ɓoye shi wasiƙar nan ba ta cika ba. A shekaruna na farko akwai wani yaro da ke zama a can baya. In na kira shi ba ya amsawa sai na daka tsawa. A shifta yakan zubar da s da sh da ts, ya rubuta rabin kalma. Na yanke masa hukuncin raini, na sha dukansa a tafin hannu. Wata rana na sunkuya in duba littafinsa, sai na ji wari, na ga auduga a kunnensa ta jiƙe da mugunya. Ashe tun yana ƙarami kunnuwan ke zubar da ruwa. Siraran sautukan nan su ne ke fara ɓacewa mutum in ji ya ragu, kuma littafinsa yana gaya mini haka tun watanni, ni ce ban iya karanta shi ba. Yaron ya bar makaranta kafin aji huɗu. Har yau in na tuna tafin hannunsa sai in nemi gafarar Allah. Ƙyanda da sanƙarau da hangum da ciwon kunnen da aka yi sakaci da shi duk suna rage ji, kuma duk muna da su. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a garin nan take. Da an taɓa gaya mini cewa in tsaya a bayan yaro in kira kalma a hankali in ga ko zai maimaita, da na tura shi can maimakon in ɗauki bulala.

Don haka ga roƙona, ranku ya daɗe. Duk wanda za a damƙa wa aji ɗaya zuwa uku, ko Lissafi ya karanta, a horar da shi a kan sautukan Hausa da na Turanci, da kuma na manyan harsunan yankin da zai koyar. Horon baki da kunne nake nufi, a sa shi ya furta, ya saurara, ya taɓa maƙoshi, ba a ba shi takardu ya kwafa ba. Masu yin aikin ba su yi mana nisa ba: Cibiyar Malamai ta Ƙasa tun 1976 a Kaduna take, ga kwalejin horar da malamai ta Gidan Waya, ga masana harshe a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna. A daina biya wa yara sunayen haruffan Turanci a darasin Hausa, a fara da sauti, a haɗa gaɓa. Kada a karɓi littafi ko takardar jarrabawar Hausa da ba ta da ƙugiya. A riƙa kai gogaggun malamai aji ɗaya, a kuma duba kunnen kowane yaro ranar da aka ɗauke shi.

Ku kuma masu zagaye, in kun zo, bayan kun duba rajista da tsarin darasi, ku ɗauki alli ku rubuta kalmar da ba ta cikin littafi, ku nuna yaron da ke bencin ƙarshe. Abin da zai fito daga bakinsa ya fi duk abin da muka rubuta muku a fayil gaskiya.

Yarinyar nan mai hijabi ruwan toka mako uku na yi da ita da 'yan ajinsu muna ga, gi, gu, da, di, du, muna tafa kowace gaɓa da hannu. Ranar da na sake rubuta kalmar a allo ta ce, “Gi, da. Gida!” Ba ta zauna ba. Ta tsura wa allon ido, leɓenta yana motsi, can ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, in aka juya shi, da, gi. Dagi ne! Irin na haƙa rami!” Ban koya mata wannan ba. Na miƙa mata allin, ta rubuta shi da kanta a ƙarƙashin nawa.

Wassalam.

Taku,
Malamar aji ɗaya, Kaduna.